Allurar da na cusa a ramin caji ta raba ni da muryar mijina

Ina gaishe da edita da duk masu karatu. A lokacin da wannan abu ya same ni, ni matar soja ce kuma tela, ina da ɗan shago a kan hanyar shiga kasuwar Zuru, da keken ɗinki da benci ɗaya na masu jira. Aurenmu bai daɗe ba aka tura mijina gabas, can inda ake fama, ya bar ni da mahaifiyarsa, da muke kira Mama, a gidan da ya fara ginawa bai ƙarasa ba. A wajenmu wannan ba sabon abu ba ne, gidaje da yawa akwai wanda ya sa kaki. Inda yake babu sabis sai ya hau wani tudu, shi ma ba kullum ba, don haka kira ba ya yi mana daɗi. Saƙon murya yake ɗauka ya tara, ranar da sabis ya kama sai su shigo mini a jere. Yakan yi ƙorafin waken da ake dafa musu, ya tambayi gwiwar Mama, wani lokaci ya rera waƙar coci da muryarsa da ba ta taɓa bin kiɗa ba. Bayan hutunsa na ƙarshe na samu ciki, sai ya koma magana da abin da ke cikina. Yakan ce in ɗora wayar a kan cibiya domin Kofur ya ji umarni, don sunan da ya laƙaba wa ɗan ke nan tun ba a san mace ba ne ko namiji.

Cikin ya fara fitowa ke nan aka aiko mana mutum biyu cikin kaki. Ba sai na faɗi abin da suka zo da shi ba. A can aka binne shi, jakarsa kawai aka kawo mana, wayarsa kuwa ba a san inda ta faɗi ba. Da aka watse daga zaman makoki na koma shago, domin zaman gida yana neman haukata ni, kuma tun daga nan wayata ta zama ita ce mijina. Da safe kafin in taka keke sai na saurari saƙo ɗaya, da rana in ba kowa in sake, in ɗan ya motsa in ɗora masa ya ji. Ƙanwata ta sha ce mini in tura mata saƙonnin ta ajiye, ko in sa a kwafe su a katin memori, ni kuwa na ƙi. Akwai maganganun da miji ke yi wa matarsa da ba na son kunnen kowa ya ji, kuma a raina gani nake in na raba su da wani kamar na rage rabona ne. Na ce mata wayar tana hannuna, ina za ta je.

Wayar kullum tana cikin aljihun rigar aikina, inda nake jefa guntayen zare da ƙyallaye da alli. Ban taɓa tunanin ɓurɓushin yadi yana shiga ramin caji ba, balle in san duk sanda na soka caja ƙara danna shi ciki nake yi. Da farko sai na ɗan murɗa kan cajar kafin ta kama. Daga baya sai na tokare ta da almakashi, ko in ɗaure da roba. Na ɗauka laifin caja ne na sayi sabuwa, ita ma haka. Maimakon in kai wayar a duba, sai na riƙa cewa gobe, domin ba na iya rabuwa da ita ko na yini ɗaya.

Ranar da abin ya faru damina ce, ina fama da ɗinkin ankon wani biki, shago cike da yadi. Tun safe na soka caja ta ƙi kamawa. Na juya, na danna, na tokare, shiru. Na kai wa maƙwabcina mai aski na gwada tasa, ita ma ta ƙi. Kafin azahar alamar batir ta koma ja. Yanzu in na tuna, abin da ya kamata in yi a sarari yake: in sa data da ɗan cajin da ya rage in tura wa ƙanwata komai, ko in kashe wayar in taka zuwa wajen masu gyara, da ba su da nisa da ni. Amma hankalina ya riga ya tashi. Wata mata da ke zaune tana jiran ɗinkinta ta ce datti ne kawai, ita ma tata ta taɓa yi, in samu wani abu siriri in sakace. Tela kuwa me ya fi kusa da hannunta? Na zare allura daga gaban rigata, wayar tana kunne, na cusa.

Da farko wani ɗan dunƙulen auduga ya fito, toka-toka, har da jan zare a jiki. Na ji daɗi, na ce ashe abin mai sauƙi ne. Na sake cusawa da ƙarfi, ina ƙwaƙula hagu da dama, ina kankare ɗan harshen nan da ke tsakiya don na zaci shi ma datti ne ya daskare. Na ji wani abu ya ɗan yi ƙas, ban kula ba. Na hura da baki, na soka caja. Alamar caji ta fito ta ɓace, ta sake fitowa, sai na danne kan cajar da babban yatsa na riƙe. Can sai na ji wayar ta ɗau zafi a tafin hannuna, wani ƙauri kamar na ƙonanniyar roba ya tashi, fuskarta ta yi baƙi. Na danna makunni har yatsana ya yi ciwo. Matar nan ta tashi a hankali ta ce za ta dawo gobe.

Ban rufe shago ba, da gudu-gudu na isa layin masu gyara da cikina a gaba, ruwa yana yayyafi. Wanda na samu ya haska ramin da tocila, ya girgiza kai, ya ce na lanƙwasa ƙarafan ciki har sun haɗu, wuta ta bi inda bai kamata ba. Ya canza wurin cajin gaba ɗaya, ya sa wani batir, wayar ba ta ko motsa ba. Ya ce ƙunar ta kai ga injin, shi kuma ba shi da kayan wannan aiki, sai dai Kontagora ko Sakkwato. A daren nan ban ci abinci ba. Mama ta zauna kusa da ni ta ce, ’yata, waya ce fa, ba mutum ba, wanda ya fi waya ma mun rasa mun haƙura. Ban iya gaya mata cewa ɗanta ne a ciki ba, domin ban taɓa kunna mata ko ɗaya ba.

Washegari na ce zan tafi Kontagora. Mama ta hana, matan zumunta na cocinmu suka zo suka ba ni baki, suka ce hanya ta lalace da ruwa, mai ciki irin nawa ba ta da abin yi a kanta. Na yi kamar na ji, da suka fita na ɗauki mayafi na nufi tasha. Abin da na sha a motar nan Allah kaɗai ya sani. Kowane rami sai na ji shi a marata, ina riƙe da wayar a ƙirji ina addu'a, ba don kaina ko ɗan ba, don wayar. Har yau ina jin kunyar wannan.

A Kontagora aka nuna mini wani mai gyara da aka ce ya ƙware. Shagonsa cike da maza, ana ta hira da dariya. Ya tambaye ni abin da ya samu wayar na faɗa masa. Ya tambaya ko akwai wani abu kuma, sai na dubi mutanen nan. Yaya zan tsaya a gaban baƙin maza in ce muryar mijina da ya mutu ce a ciki, yana yi mini maganar da ba ta kowa ba? Abin da kawai na ce shi ne ya taimake ni ya tayar da ita ko ta halin ƙaƙa. Ya ce in je in huta in dawo da la'asar. Na zauna a wata rumfar mai abinci, ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga.

Da na dawo ya tarbe ni da fara'a, ya miƙo mini wayar tana haske. Na durƙusa a wurin ina yi masa godiya, hawaye na zuba. Ya ce ta ba shi wahala, bayan ya canza abin da ya ƙone ta riƙa tsayawa a kan tambarinta ta ƙi wucewa, dole sai da ya yi mata filashin, yanzu ta koma kamar sabuwa. Ban san ma'anar kalmar ba. Na shiga neman inda saƙonni suke, ban ga komai ba. Babu hoto, babu lamba, babu sunansa. Na tambaye shi ina kayan ciki, ya ce ai filashin wankewa ne, komai ya tafi, kuma ya tambaye ni tun farko ban ce akwai abin da nake so ba. A nan ne na faɗi abin da na kasa faɗa da safe, da ihu na faɗe shi, a gaban mutanen da nake jin kunyarsu. Mutumin ya dafe kai, ya karɓi wayar ya haɗa da kwamfuta ya yi ta nema har magariba. Ba abin da ya dawo.

Ban san yadda na iso Zuru ba. Kwana biyu bayan nan jinina ya hau, na fara ganin jiri, aka kwantar da ni a asibiti, kuma a can na zauna har na haihu, ɗan bai cika lokacinsa ba. Da ma'aikaciyar jinya ta ce saura kaɗan mu rasa shi, sai a lokacin na gane abin da na saka a hatsari. Namiji ne, ƙarami ƙwarai, amma ya rayu. A gadon asibitin nan na gaya wa Mama gaskiya duka. Ta ce ita ma da ta so ta ji, ko sau ɗaya. Wannan magana ta fi komai yi mini ciwo, don ban taɓa tuna cewa ita ma tana da haƙƙi a muryar ba.

Ranar da aka kai yaron coci, yayan mijina ya zo daga ƙauyensu ta wajen Ribah a kan babur. Da ya ji labari wurin Mama, ya laluba tsohuwar wayarsa ya ce yana jin akwai saƙon mijina guda ɗaya da bai goge ba. Muka kewaye shi. Saƙon gajere ne, da yaren C'lela, mijina yana yi wa yayansa faɗa a kan ya gyara jinkar rumbu kafin ruwa ya sauka, kada dawa ta jiƙe kamar bara. Iska tana kaɗawa a bayansa, ya yi tari, ya yi ’yar dariya, ya kashe. Babu sunana a ciki, babu zancen ɗa. Mama ta sa aka yi ta sake kunnawa har batirin ya kusa ƙarewa. A ranar na sa aka tura shi wayoyin duk ’yan uwan da suka zo. Shi ne abin da ɗana yake ji yanzu in ya tambayi babansa, kuma ya haddace shi tsaf, har da tarin.

Na rubuto ne domin kada wani ya bi sawuna. In wayarka ta fara gardamar caji, kada ka jira ta ƙi gaba ɗaya. Masu gyara sun ce mini da kashe ta na yi, na sa tsinken sakace na itace a hankali na jawo audugar ba tare da taɓa harshen tsakiya ba, da shi ke nan, in kuma ta ƙi a kai musu. Allura, fil ko duk wani ƙarfe, kada ya kusanci ramin nan. In ka kai gyara, ka buɗe baki ka faɗi abin da ke ciki kafin a taɓa, kunyar minti ɗaya ba ta kai abin da na rasa ba. Ku kuma ’yan uwana matan sojoji, da duk mai wani nasa a nesa, abin da ya aiko muku ku ajiye shi a wuri fiye da ɗaya, ku bar uwarsa ma ta ji. Ni na riƙe nawa ni kaɗai, na rasa shi da hannuna, kuma babu wanda zan ɗora wa laifi.