Romon Kaza Daga Ƙasar Sanyi Zuwa Kaikai

Mun tashi da asuba daga Katsina, ni da maigidana, saboda wayar da mijin ƙanwata ya yi mana. Ƙanwar tawa ta yi haihuwar fari, tana wankan jego a Kaikai wajen Gwaggonmu, wadda ta riƙe ta tun rasuwar mahaifiyarmu. Ƙafafunta sun kumbura, numfashi yana yi mata wuya. An kai ta asibiti, likita ya ce zuciya ce, ya ba da magani, ya hana kanwa da yawan gishiri da wankan tafasasshen ruwa. Gwaggo ta ce to, ta dawo gida ta ci gaba da dama kunun kanwa. Mijin kuwa surukuta ta ɗaure masa baki. Shi ya sa aka nemo ni, don a danginmu ni aka sani da tsaurin ido.

Damina ta zo ƙarshe, hanya ta yi kyau da gani. An yanke gero an jingine dammuna, dawa ta sunkuyar da kai. Muka wuce Charanchi masu shayi na hura wuta. Maigidana yana ta nuna mini amfanin gona, ni kuwa ina ta shirya faɗan da zan yi wa Gwaggo.

A Kankiya muka tsaya sayayya. Na ce da mai kaji tsohuwa nake so, wadda ta daina ƙwai. Ya dube ni da tausayi, ya ce da maigidana ko ba a ba Hajiya kuɗin cefane ne. Duk da haka bai sassauta ba, kaza yanzu ta zama ta masu hali. Na sayi lawashi mai kauri, da dabino, da shinkafa 'yar gida.

Abin da zan dafa na koye shi ne shekarar da na raka maigidana karatu Sikotlan. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta kawo mini shi da na kwanta mura. Romon kaza ne da wani ganye dangin albasa da suke kira lik, sai 'yar shinkafa da wani busasshen ɗan itace baƙi mai zaƙi. Babu mai, babu barkono. A nan lawashi ya tsaya wa lik, dabino ya tsaya wa ɗan itacen.

Daga Kankiya muka karkata wajen Kusada, daga nan hanyar Kaikai, inda ruwan bana ya ci gefen hanya, shanu kuma ba su san hon ba. Da na shiga ɗaki na ga ƙanwata, sai na manta da faɗan da na shirya. Tana zaune an tokare ta da matasai, don ba ta iya kwanciya. Fuskarta ta cika, ta yi mini murmushi ta miƙo jaririyar. Tsoro ya kama ni sosai.

Na yi wa Gwaggo maganar likita cikin ladabi. Ta ce likita bai taɓa jego ba. Ta ce sanyi ne ke kashe mai jego, in ya shiga jiki ba ya fita, kuma ba za ta zuba ido ya ɗauke yarinyar nan ba. Sai na ga ashe tsoronmu ɗaya ne da ita.

Na bar gardama na roƙi aron murhu. Aka yanka kazar, na sa ta ɗungurungum a tukunya da ruwan sanyi da rabin lawashin. Da ta fara tafasa na janye itace, na bar ta tana ɓararraka a hankali, ina kwashe kumfa da ludayi. Tsohuwar kaza ba ta son gaggawa, sai da azahar ta gabato ta yi laushi. Na tsame ta, na zare naman daga ƙashi, na zuba shinkafa cikin tafin hannu da dabino kaɗan, gishiri ɗan taɓawa, da masoro. Daga ƙarshe na mayar da naman da sauran ɗanyen lawashin don ya fito kore. Matan gida sun kewaye ni suna jiran su ga lokacin da zan sa daddawa.

Gwaggo ta leƙa tukunyar ta ce wannan ai ruwan wankin kaza ne, a ina na samo shi. Na ba ta labarin ƙasar: ƙanƙara na rufe ƙofar gida, ruwa na daskarewa a famfo, rana na faɗuwa tun mutum bai gama la'asar ba.

“Matan can suna haihuwa cikin wanga sanyi?” in ji ta.

Na ce suna yi.

“Kuma ba su shan kanwa?”

Na ce ko sunanta ba su sani ba, irin wannan suke sha in sanyi ya kama su.

Ta karɓi ludayin ta kurɓa, ta zuba a kwano, ta kai ɗaki da kanta. Ƙanwata ta shanye, gumi ya tsattsafo mata a goshi. Gwaggo ta sa bakin zanenta ta share, ta daɗe tana kallon inda zanen ya jiƙe.

Bayan la'asar ta kira ni bayan rumbu. Ta ce tana da ɗiya da ban tashi na sani ba, ta rasu cikin jego, kafin arba'in. Ita ma haka ta kumbura. Ta ce ita ta riƙa dama mata kunun kanwa safe da yamma, kuma duk ranar da kumburin ya ƙaru sai ta ƙara kanwar, don ta ɗauka sanyi ne ke cin ta.

“Ke da kika yi karatu, hwaɗa mani. Kanwar ce?”

Na ce, “Gwaggo, kwananta ne ya ƙare.”

“Na san wannan,” ta ce. “Ba shi na tambaye ki ba.”

Ta shiga ɗaki ta fito da ƙullin kanwar gaba ɗaya, ta ce a kai wa awaki.

Kwana biyu muka yi. Na bar ƙanwata tana shan maganinta a kan lokaci, mijinta zai mayar da ita asibiti, Gwaggo kuma ta karɓe tukunyar, tana cewa ni ban iya janye itace ba. Mun iso Katsina da magariba. Na tafi da niyyar kayar da tsohuwa mai taurin kai, na dawo na gane cewa wanda ya kafe a kan al'ada sau da yawa wani yake ƙoƙarin ceta, kuma ranar da ya sake ta, nauyin nadama zai ɗauka a madadinta. Allah Ya ba ƙanwata lafiya. Gwaggo kuwa, ita na fi yi wa addu'a yanzu.