Gaisuwar Lawan a Bakin Teku

Har gobe ban manta da ranar da muka kai manoman yankinmu yawon buɗe ido a Legas ba. Ku ne kuka tuno mini da ita jiya, da na ga kun bar ofis wayam kuna rige-rigen zuwa kallon bulala a kotu. Ban ce kada a yi hukunci ba, ni wa? Amma ku zauna ku ji.

Lokacin ina ƙaramin malamin gona a Gwarzo, zamanin soja, ana tsakiyar tsuke bakin aljihu. Aikina bin ƙauyuka a babur ina koya wa manoma sabon iri da zuba takin zamani, takin da ni kaina na daɗe ban sa shi a ido ba. A al'adar ma'aikatarmu, wanda ya yi zarra a nunin amfanin gona akan ba shi garma ko keke. A shekarar aka ce babu kyauta, sai dai akwai motar ma'aikata da za ta kai jami'ai taro Legas, a cika ta da manoman su ga gari. Da babu gara ba daɗi.

Shugaban tafiya shi ne Mista Bulus, babban jami'in gona, mutumin Filato, wanda agogonsa ya fi kowa iko da shi. Ni aka ɗora wa kula da manoma. A cikinsu akwai Alhaji Ɗanladi na Kara, sarkin surutu, da abokin wasansa Malam Isiyaku na Gude, wanda dawarsa ta zo ta ɗaya.

Kowa a motar ya san labarin Malam Isiyaku, kuma babu mai ɗaga shi. Shekaru da dama kafin nan babban ɗansa Lawan ya tafi cirani Legas, aka kama shi cikin 'yan fashi, aka harbe su. Wani falke ne ya kawo labarin. Malam bai shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ba. Washegari ya saɓa fartanya ya tafi gona, ya kuma hana matarsa kuka. Mutanen gari suka ga mai abu bai ce an yi mutuwa ba, sai kowa ya kama bakinsa. Mutum ɗaya bai taɓa ce masa Allah ya jiƙan Lawan ba.

Rana ta biyu aka haɗa mu da ɗan jagora, wani Bala, Bahaushen Agege, haihuwar can. Yaro ne mai baki, da 'yar lasifikarsa a hannu. Ya nuna mana gadoji da dogayen benaye da kasuwar da ya ce in ka yi sake za a sayar maka da hularka. Manoma suna ta dariya. Tsarin ranar shi ne mu leƙa bakin teku a gurguje, daga nan mu wuce tashar jiragen ruwa, inda wani babban jami'i ke jiranmu a ɗauki hoton da za a sa a rahoto.

Da muka sauka a bakin tekun, Alhaji Ɗanladi ya ɗanɗani ruwan ya tofar.

"Wannan duk girman banza ne, ko albasa ba zai shayar ba."

Bala ya tara mu a wani fili, ya ɗaga lasifika.

"To Alhazai, ku buɗe kunne, nan ne wurin da baƙi suka fi so. A nan ake ɗaure 'yan fashi a jikin turaku, a jera durom-durom cike da yashi a bayansu. Ranar harbi gari kaf yake fitowa, kamar ranar kasuwa. Ga masu lemo, ga masu gyaɗa, har yara ake ɗorawa a wuya. Wani ya yi ta kiran uwarsa, wani ya jiƙa wando."

Ya karkatar da kai ya zaro harshe, yana kwaikwayon yadda suke faɗuwa. Babu wanda ya yi dariya. Raina ya ɓaci, na matsa zan fizge lasifikar. Sai na ji an riƙe mini hannu.

"Ƙyale shi, malamin gona," in ji Malam Isiyaku. Ya dubi Bala. "Ɗana, kana zuwa kallon?"

"Sosai ma, Baba, ina yaro."

"Ka taɓa ganin wani dogo, baƙi, mai wushirya?"

"Kai Baba, suna da yawa. Wa zai riƙe fuska?"

"Ana barin su su yi kalmar shahada?"

Nan Bala ya sauke lasifikar. Ya dube ni, ya dubi tsohon.

"Ana kawo liman, Baba. Da fasto."

"Ina ake binne su?"

"Mota ce ke kwashe su. Wallahi ban sani ba."

Malam Isiyaku ya gyaɗa kai. Ya tuɓe takalmansa, ya zauna a kan yashin ya tanƙwashe ƙafa, ya zuba wa wurin ido. Tsoro ya kama ni. Asirin da mutumin nan ya yi shekara da shekaru yana rufewa ga shi a fili gaban mutanen ƙasarsa, kuma ni ne na kawo shi. Mista Bulus ya taho daga mota yana buga agogo da yatsa.

"Malam Sani, me ake jira? Mutum yana can yana jiranmu!"

"Ranka ya daɗe, a nan aka harbe ɗansa."

Kafin ya ce wani abu, Alhaji Ɗanladi ya cire takalmi. Mutumin da tun daga Gwarzo yake tsokanar Malam Isiyaku cewa dawarsa ta aro ce, shi ne ya je ya durƙusa gabansa.

"Malam Isiyaku, ya muka ji da haƙuri? Allah ya jiƙan Lawan. Allah ya gafarta masa."

Tsohon ya ɗago kai. Da ƙyar ya ce, "Amin, Alhaji. Haƙuri sai ma'aiki." Hawaye suka gangaro cikin gemunsa.

Sauran manoman suka bi layi ɗaya bayan ɗaya, kamar a ƙofar gidansa a Gude. Mista Bulus ya cire hula ya bi bayansu, ya ce, "Sannu, Baba. Allah ya ba da haƙuri." Bala ne na ƙarshe, yana kuka yana neman gafara. Malam ya dafa kansa ya ce, "Ba komai, ɗana. Kai kaɗai ka gaya mini akwai liman."

Aka shafa fatiha. Tashar jiragen ruwa ba mu je ba, hoto bai samu ba. Da muka dawo aka ba Mista Bulus takardar tuhuma, ya amsa ta shi kaɗai bai ambaci sunana ba. Malam Isiyaku kuwa, washegarin isarsa Gude ya sa aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ya zauna kwana uku. Na je gaisuwa. Daga zaure ina jin kukan matarsa, kamar a ranar aka yi mutuwar.

Abin da na koya shi ne, manomin da kake tsaye a gonarsa kana masa lacca a kan taki, ba ka san me ya rufe a cikinsa ba. Tun daga ranar ban ƙara zuwa kallon hukunci ba. Ku in kun je, ku ɗan waiwaya bayan taron, ku duba ko akwai wani tsoho da ba ya dariya.