Bindigar da Tama ba ta ji ba

Alƙasim ɗan Takawa kakana ne, wan kakata Zinariya, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara goma sha shida ya yi yana gardi a zamanin Nasara, da jar hula da ɗamarar fata, kuma har ya mutu, a garinmu Tama akwai gidajen da in ya yi sallama daga ciki ake amsawa, ba mai fitowa. Gidanmu na cikinsu. Ni kuwa Biba, da yake jika ce, ina da bakin da saura ba su da shi. In na kai mashi fura a ɓoye sai in ce, "Tsoho, yau ma ba ka mutu ba?" Ya ce, "Ke nike jira ki riga ni, marar kunya." A cikin irin wannan wasa na ciro labarin wanga daga bakinshi, guntu guntu, shekara da shekaru.

Yunwar fara ta kai shi aikin. A shekarar da fara ta cinye hatsin Adar tun yana tsaye, ya bi hanyar Madawa da sanda da goran ruwa, ya tsaya ƙofar bariki. Dogo ne, yana jin Buzanci, ya san kowace hanya ta dabagi, wato tudun duwatsun da ya kewaye kwarinmu. Sai suka ɗauke shi. Gardi a lokacin shi ne ɗan sandan Nasara. Shi ke zuwa ƙauye ya kamo wanda kumandan, babban Nasaran bariki, ke so, shi ke ɗaure samari da igiya ya kai su aikin hanya, kuma in an ce ana son soja, shi dai ne za a gani a ƙofar gari.

Aka ba shi bindiga doguwa, tsohuwa tukuf, harsashi ɗaya take ci. Gardawa na ce mata Gwaggo, don ta tsufa ga kuma faɗa. In ta tashi, wayyo! Hayaƙi ya turnuƙe, doki ya zabura, kunne ya yi ta ƙara har la'asar.

To, hanyar da ke gangarowa Tama daga dabagi tana da wata tsohuwar aduwa a bakin gangare. Daga nan zuwa garkunan albasa tafiya ce mai ɗan tsawo, sai doki ya yi gumi. Ran da aka fara aiko shi garinmu kwasar mutanen aikin hanya, da ya iso aduwar sai ya ce wa abokin tafiyarshi ya ga zabi. Ya ɗaga Gwaggo ya saki. Ƙarar ta gangara kwari, ta bugi dutsen da ke wancan gefe, ta dawo. Zabo ko ɗaya bai faɗi ba. Kakata Zinariya tana daka ta ji, ta aje taɓarya. Ta san harbin wanta, kuma ta san Alƙasim ba ya kuskure. Ta ruga garka ta ce wa samari su bi ƙorama su hau dutse. Da gardawa suka iso, tsofaffi da awaki suka tarar.

Ba su taɓa zama sun yi maganar ba, shi da ita. Amma daga ranar Tama duka ta san ƙa'ida: in an ji Gwaggo a bakin aduwa, duk mai ƙarfi a jika ya ɓace. In kuwa aka ga Alƙasim ya gangaro shiru, to zuwan zumunci ne, a fito a tarye shi. Shekara takwas ana haka. Ba kullum ake tsira ba, don ba shi kaɗai ake aikowa ba, amma dai igiyarshi ba ta taɓa hawa wuyan ɗan Tama ba. Abin da yake karewa da gaske ɗaya ne: Dauda, ɗan Zinariya, namiji guda da Allah ya bar mata cikin haihuwa shida. Dauda shi ne ubana.

A bariki kuwa abin ya zama abin dariya. Akwai wani gardi Iro, gajere mai ƙaramin ido, wanda suka fi fita tare. Kullum Iro sai ya ce, "Ga gwanin harbi nan, mai faɗa da zabin Tama! Shekara takwas ko gashi bai kawo muna ba." Alƙasim ya yi murmushi ya haɗiye. Amma ya gaya mani da bakinshi, duk sanda aka faɗi haka sai ya ji kamar an zuba mashi toka mai zafi cikin riga. Mutum ne mai ji da hannunshi, Allah ya jiƙan shi, kuma wannan jin kan ya ci mu.

Sai yaƙi ya tashi a ƙasar Nasara. Labari ya fara zuwa da fatake: an kwashi samari a wuri kaza, an auna ƙirjinsu, an duba haƙoransu, an tafi da su bakin teku. Aikin hanya dai ana dawowa, ko da ƙafa ta fashe. Wannan kuwa ba wanda ya san inda hanyar ta ƙare. Kasuwanni suka rage samari. Lokacin Dauda yana da wata biyar da aure, uwata Lalla tana da cikina.

Ana cikin haka aka ce a tara dogayen bindigogi duka a mayar, ana son su wani wuri. Gardawan da ke fita ƙauye za a ba su fistole, bindigar hannu. Alƙasim ya miƙa Gwaggo da hannu biyu, ya tsaya yana kallo aka jefa ta cikin akwati tare da 'yan uwanta, aka buga ƙusa.

Iri biyu aka kawo, kuma kumandan ya ce zai gwada kafin ya zaɓa. Ɗaya babba ce mai nauyi, mai tulu da ke juyawa, ita ma tsohuwa, tana hayaƙi tana tsawa. Ɗayar ƙarama ce, baƙa, falle kamar tafin hannu, harsashi bakwai take ci a gindi. Aka jera ƙore a kan katanga bayan bariki. Aka kira wanda ya fi kowa hannu, wato Alƙasim.

Ya ce mani tun da ya harba babbar ya san ita ce za ta cece shi. Ba ta kai Gwaggo ba, amma dutse zai amsa mata. Ya fasa ƙwarya biyar cikin shida. Abin da ya rage mai sauƙi ne ƙwarai: ya ɗauki ƙaramar ya yi ta kuskure, ya ce wa kumandan wannan ba ta da saiti. Wa zai musa mashi? Ya ɗaga ta ke nan da wannan niyya, sai Iro daga baya ya ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji, "Ku matsa, ga zabi nan sun taso!" Gardawa suka kwashe da dariya, har tafinta ya juya wa kumandan maganar, shi ma ya dara.

Kai, namiji! Dariya fa, dariyar Iro, shi ke nan abin da ya kasa ɗauka. Ya ce idonshi ya rufe. Tas, tas, tas, har bakwai, ƙwarya bakwai a ƙasa. Sai kumandan ya dafa kafaɗarshi ya ce wannan za a raba. Har ya juya zai tafi, sai ya tsaya ya dube shi, ya tambaya ta bakin tafinta: wane irin zabi ne a Tama da suka fi ƙwarya wuyar samu? Alƙasim ya aje bindigar. Iro kuwa ya daina dariya, yana kallonshi da ƙaramin idon nan.

Ya yi niyyar aika saƙo gida ranar kasuwa, ya ce a gaya wa Zinariya Gwaggo ta tafi, kada a ƙara dogara da shiru. Kasuwa saura kwana uku. A kwana na biyu da hantsi aka ce su ɗaura sirdi. Ba a faɗa wa gardi inda za shi sai ya hau. Su biyar ne, da sarsan guda, wato sajan Nasara, da igiya sabuwa a bayan kowane sirdi. Da suka fita ƙofar bariki sarsan ya ce Tama, kuma Alƙasim ne zai shiga gaba tun da garinsu ne.

Suka kama hanyar dabagi. Ƙaramar bindigar tana gefen cikinshi, ko nauyinta ba ya ji. Yana ta auna iska, yana roƙon Allah ta juya wajen kwari. Da suka iso aduwa rana ta ɗan karkata. Ya hango garkuna can ƙasa, kore shar, da mutane ƙanana ƙanana suna ɗiban ruwa da ƙwarya suna ban albasa. Ya ja linzami ya ce, "Zabi." Ya zaro ya harba.

Kamar an karya kara. Ya kasa kunne ya ji ko dutse zai amsa, dutse bai amsa ba. Ya sake. Ya sake. Sarsan ya yi dariya a na farko, a na huɗu ya fara zagi da harshensu. Alƙasim bai tsaya ba sai da ta ƙare. Can ƙasa ba wanda ya ɗaga kai. Sai ya sauka daga doki ya ce doka ce a mayar da kwanson harsashi bariki, ya durƙusa yana tsintar su cikin tsakuwa ɗaya ɗaya, yana jan lokaci, ko Allah zai sa wata mai itace ta hango su. Iro ya matso da doki ya ce a hankali, "Tashi, Alƙasim. Ba su ji ba."

Hanyar gangaren siririya ce, doki ɗaya ɗaya, ga kwana. Shi aka fara gani. Wani ya yi kuwa daga garka, "Ga Alƙasim! Ga Alƙasim ya zo gida!" Ba a ji bindiga ba, ai zumunci ne. Shi da kanshi ya koya masu haka. Samari suka yar da ƙore suka rugo da caɓi a ƙafa, Dauda na gaba. Ya kama linzamin dokin yana dariya ya ce, "Sannu da hanya, Kawu! Inna ta ce jiya ta yi mafarkinka." Sa'an nan sauran dawakan suka fito daga kwana.

Na taɓa tambayarshi, kuma ba da wasa ba, ranar raina a ɓace yake. Na ce, "Tsoho, bakinka fa? Bindiga ba ta da murya, kai ma ba ka da ita? Mi ya hana ka ce su gudu tun daga nesa?" Ya daɗe yana juya ludayi cikin fura. Ya ce, "Tsoro, Biba. Nasara na bayana da tashi bindiga." Ban ƙara kai mashi fura ba sai da wata ya kama. Na ji haushinshi, na kuma ji tausayinshi, har yau ban san wanda ya fi yawa ba.

Mutum tara aka ɗaure ranar. Sarsan ya ce Alƙasim ya ɗaure na kusa da shi, ya kuwa ɗaure. Dauda bai yi gardama ba, kallon hannun kawunshi kawai yake yi. Cikin taran, huɗu sun dawo bayan shekaru. Ubana ba ya ciki. Ba takarda, ba kabari, ba wanda ya ce ga inda ya gan shi na ƙarshe. An haife ni da damina.

Kwanson nan bakwai bai mayar ba. Ya ce sun ɓata, aka kulle shi gidan kaso kwana takwas. Ya ci gaba da aikin har shekara bakwai, don ya ce in ya bari wa zai riƙa tambayar labarin Dauda a bariki. Da ya aje jar hula ya dawo Tama, ya yi ɗaki a bayan gari, yana noman 'yar gonar gero. Bai ƙara taɓa bindiga ba, ko tarkon zabi ba ya kafawa.

Ina da wayo ran da ya zo gidanmu, sau ɗaya tak da aka bar shi ya shigo. Kakata tana zaune bakin turmi tana sussukar dawa. Ya durƙusa gabanta, dattijo da furfura, wa a gaban ƙanwa. Ya kwance wata 'yar jakar fata daga wuyanshi, ya zazzage kwanson a kan faifanta. Sun yi kore don daɗewa.

Ya ce, "Zinariya, ki ƙidaya. Na harba. Wallahi na harba, duka bakwai."

Ta dube su. Ta sa yatsa ta juya ɗaya. Sa'an nan ta tattara su, ta kama hannunshi ta zuba mashi, ta naɗe yatsunshi a kai.

Ta ce, "Na yarda, Yaya. Ina bakin turmin nan ranar. Na aje taɓarya tun safe ina saurare. Ban ji ba."