Giɓin Adiza Mai Tuwo

Duk wanda ya taɓa cin tuwo a Kasalgu ya san Adiza da giɓinta. Baƙi kan ɗauka wushirya ce ta yi faɗi. Ina, aikin yayanta ne, Ɗankande mahauci.

Shekara uku ke nan da tarin fuka ya kama shi, ya rame har wuƙa ta fi ƙarfin hannunsa. A asibiti aka ce sai an sami mai tsayawa a kansa ya ga ya haɗiye magani kullum da safe, wata shida ba fashi, in ba haka ba a fara neman likkafani. Matarsa ta riga ta kwashe yara ta koma Gumani, sai Adiza ta ɗauki nauyin. Nas ta gargaɗe su cewa akwai sinadarin rifamfisin a ƙwayar maganin, zai mayar da fitsari ja. Ɗankande yana can yana fama da tari, bai ji ba.

Ranar farko ya ga fitsarinsa kamar ruwan wankin nama. Mutumin da ya shekara ashirin yana yanka, wa zai gaya masa wannan ba jini ba ne? Ya fito tsakar gida ya shaƙo wuyan Adiza, ya gwara bakinta da turmi.

"Adiza, kai ne kana shan jinina," in ji shi, da Hausarsu ta zango da ba ta raba mace da namiji. "Me ka sa a ciki?"

Haƙora biyu suka zube ƙasa. Ta ji tsoro, ta ji haushi, haushin ya fi yawa. Hannun da ke tuƙa tuwon mutum ɗari kuwa ba abokin wasa ba ne. Ta rarumi muciya ta sauke masa a gwiwa, ya kife, ta danne shi. Sannan ta ɓare ƙwaya ɗaya ta haɗiye da jinin bakinta.

"Yaya, in guba ne mu tafi tare," ta ce. "Azahar zan kawo maka nawa fitsarin ka gani."

Da azahar ta dire masa gwangwani a gaba, abin ciki ja wur. Ya daɗe yana kallo. Washegari da safe shi ya fara miƙo hannu a ba shi magani. Nas ta wanke Adiza tas a kan ƙwayar da ta sha, sannan ta ba su wata a madadinta.

Ɗankande ya warke, ya koma kan teburinsa yana ɗingishi. Har yau bai ce mata ta yi haƙuri ba, ita ma ba ta ce masa ba. Amma kowace Juma'a yakan kawo mata hanta da kansa, don ita ce kaɗai naman da take iya taunawa.