Likkafanin da Ya Yi Wanka

Na daɗe ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa, don maganar ta shafi mamaci, ba ya nan balle ya kare kansa. Amma ƙafafuna sun fara kumburi, masu jin Hausa a nan Bahiya, ƙetaren teku, kuma kullum raguwa muke yi.

Ina da amini, jirgin bayi ɗaya ya kawo mu. Da na fanshi kaina na kama aikin kafinta, shi ya ci gaba da dako a bakin ruwa. Wata rana ya zo mini da farin yadi mai kauri, ya ce, "Ungo, kai da ba ka da hira sai ta kabari. Wannan ya yi wanka, ya ishe ka likkafani." Na yi godiya, ban tambayi komai ba, na adana a akwati. Bai jima ba zazzaɓi ya tafi da shi.

Shekarar da ta wuce aka kira ni gyaran benci a gidan wasan kwaikwayo. 'Yan wasa suna gwaji da hantsi, ina buga ƙusa ina saurare, don harshen Turawan nan ya zauna mini a kunne. Aka tambayi mai fitowa a baran gida ina hular ubangidansa. Ya kashe ido ya ce ta yi wanka, ga ta kuwa cikin rigarsa. Suka fashe da dariya. Ni guduma ce ta suɓuce mini.

Washegari na gangara bakin ruwa wajen wani tsohon Bayarabe, shugaban 'yan dako.

"Tsoho, don wannan ka sauko tudu da waɗannan ƙafafun?" ya ce. "Dilan da ya faɗa teku, gishiri ya taɓa shi, attajiri ba ya so, sai ya bar mana. Shi ne wanka. Haka muka tarar."

"Wanda aka tura da gangan fa?"

"Shi ma wanka ya yi. Ruwa yana tambaya?"

Wani da ke ɗaure buhu ya ce, "Baba, ni dai tun zuwana ban ga dilan da ya faɗa da kansa ba."

Na koma gida na warware yadin na sa harshe. Akwai gishiri, amma bai raba mini gardama ba. Matata ta tsaya tana kallona.

"Malam, mutanen da suka sato ka ɗungurungum, yadinsu kake jin tsoro?"

Na ce nasu hisabin daban, nawa daban. Ba na so a naɗe ni cikin haram in tashi da shi. Ba na kuma so in yar da kyautar amini a kan zato, in mai da shi ɓarawo yana kwance.

Don haka nake roƙon duk wanda ya yi dako a bakin ruwan Água de Meninos a zamaninmu. Lokacin nan, in aka ce kaya ya yi wanka, wanda ya faɗa da kansa kawai ake nufi, ko har da na turi? Akwai wanda ya ga dilan farin yadi ya faɗa, ya san yadda aka yi? Shagona yana kan gangaren kasuwa, inda ake jin zarto. Ko amsar ba daɗi, a zo a faɗa mini tun ina iya nemo magadan mai kayan.