Askin da Aka Yi wa Littafin Kakana

Ko da zan manta da komai a rayuwata, ba zan manta da ranar da mijin yayata ya dawo mana da littafin kakanmu ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci kamar jiya aka yi.

Shekarun nan ne na bayan ƙuri'ar raba gardama, da Mubi ta zama hedikwatar lardi, duk mai ɗan boko yana tafe yana hura hanci. Ni ina saurayi, ina zaman shagon yadin babanmu a kasuwa. Mijin yayata kuwa akawu ne, irin masu jera alƙaluma a aljihun gaba alhali ɗaya ne kawai ke rubutu. Shi aka ɗora wa shirya wani baje koli a makarantar firamare, wai tarihin takarda da ɗab'i, tun daga allo har injin buga takardu. Abin da ya fi burgewa, in ji shi, gidan tarihi za a wuce da baje kolin daga baya. Tun daga nan ba a ƙara shan ruwa a gidanmu ba sai an ji labarin baje koli.

Baba yana da wani littafin fiƙihu da mahaifinsa ya kwafa da hannu tun suna Barno. Takardar mai kauri ce, in ka ɗaga ta a rana sai ka ga jinjirin wata uku a jere a cikinta. Ba a ɗinke yake ba, haka littattafanmu suke, falle-falle cikin gafaka. A gefen kowane shafi kakan ya cika da ƙananan rubutu da Barbarci, bayanin da ya ji daga bakin malamansa. Da wannan sharhin Baba ke karantar da dattawan unguwa a zaure bayan la'asar. Littafin kansa ana samunsa a hannun wasu malamai, amma sharhin babu shi ko'ina sai nan.

Akawu ya zo ya tsuguna, ya ce, "Baba, aro kawai za a yi. Manya za su zo, su ga irin takardar da aka yi aiki da ita kafin zuwan inji." Baba bai so ba, na gani a fuskarsa. Amma ka san kunyar suruki. Ya miƙa masa da hannu biyu, ya ce, "Yadda ka karɓa, haka za ka dawo da shi."

Aka yi baje koli aka gama, aka tafa wa akawu. Sai ga shi da yamma, dattawa na zaune a zaure, ya shigo yana murmushi har kunne, riƙe da wani abu mai baƙin bango.

"Baba, na yi maka gyara. Da na buɗe na tarar duk ya rabu, bakinsa duk ya ci. Na kai maɗaba'a an ɗinke shi, an daidaita gefensa. Yanzu ya zama littafi sosai, ko a Kaduna ba za a ji kunyarsa ba."

Ya zama littafi sosai! Kai jama'a, mutumin da bai taɓa karanta layi ɗaya a cikinsa ba.

Baba ya buɗe. Wuƙar inji ta bi gefe uku ta yi masa aski tas. Inda sharhi yake, sai rabin harafi nan, wutsiyar harafi can. Ya juya shafi, ya juya wani. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi jin sanyi. Cewa kawai ya yi, "Ina sauran?" Akawu ya ce, "Wane saura, Baba? Ai datti ne aka cire."

Ban tsaya jin ƙarshen shirmensa ba, na zari keke sai maɗaba'a. Mai wurin wani dattijo ne daga duwatsun Michika, yana ganina ya gane abin da ya kawo ni. Ya ce, "Wallahi na gaya masa akwai rubutu a baki. Ya ce yanke, manya suna zuwa, ba ya son abu a karkace." Ya kai ni bayan shago inda yake zuba shara. An riga an ƙona yawanci. Muka durƙusa ni da shi muna tsintar siraran takardu kamar zaren taliya, abin da muka samu bai cika hulata ba.

Karatun zaure bai daɗe ba bayan haka. Baba yakan kai wata mas'ala ya duba gefe, inda sharhin mahaifinsa yake a da, ya ce, "A nan ya faɗi wani abu." Sannu a hankali dattawan suka koma wajen wani malami a unguwar Lokuwa. Akawu kuwa ƙarin girma ya samu, kuma har ya tsufa yana ba da labarin yadda ya ceci tsohon littafi daga lalacewa. Ko a jikinsa.

Shi kuma Baba sai ya mai da hantsi lokacin aikinsa. Ya shimfiɗa tabarma, ya zazzage guntayen nan daga wani gwangwani, yana kara su ɗaya bayan ɗaya a bakin shafi ko rabin harafi zai haɗu da ɗan'uwansa. In ya dace sai ya kira ni da murna in zo in gani. Haka ya yi ta yi har idonsa ya daina gani, kuma bai kammala ko babi ɗaya ba.

Abin da na koya shi ne, ɓarawo ma ya fi mini mai gyaran abin da bai sani ba, don shi ɓarawo ba ya tsayawa jiran godiya. Tun daga ranar, duk wanda ya zo aron abin da nake ƙauna, nakan tambaye shi me ya sani game da shi. In ya fara da cewa zai gyara mini, sai in ce ya bar mini kayana a karkace.