Duba-gari da Gyaɗa Mai Sukari

Kawuna ya yi shekara talatin da ɗaya yana aikin duba-gari, kuma ba a taɓa ganin ya ci abin titi ba. Ko ayaba aka miƙa masa sai ya jujjuya ta tukuna. Masu sayar da abinci a tashar mota sun san takunsa. Kafin ya iso kowace ta rufe farantinta, ta ɓoye farcenta.

Yana yaro kuwa, duk makarantarsu babu mai kwaɗayinsa. A bakin ƙofa akwai wata mata mai soya gyaɗa da sukari a wani baƙin kasko, tana ƙunshewa a takarda. Kawu yakan cinye gyaɗar ya lashe takardar, har rubutun ya goge.

Shekararsa biyu da kama aiki aka tura shi unguwar makarantar. Tana nan inda take, kaskon ma haka. Ta gane shi, ta ce, “Ɗana, kai ne ka zama mutum haka?” Ta ɗebo masa. Shugabansa na tsaye a baya. Kawu ya shafa yatsa a gefen kaskon, ya nuna baƙin, ya sa aka jefa kaskon a mota. A ofis an yaba masa. Matar ta bar garin.

Da ya yi ritaya sai ya tsiri tafiye-tafiye. Ya ce dangi yake ziyarta, dangin kuwa ba su gan shi ba. Duk tashar da mota ta tsaya sai ya sauka: gasasshiyar masara, rake, ƙanƙara mai launi, da kowace irin gyaɗa mai sukari. Ya tauna, ya girgiza kai.

Matarsa ta ce, “Maigida, cikin nan ya yi shekara talatin yana hutu, ka bi shi a hankali.”

Wani direba ne ya ba shi labari cewa tsohuwar ta rasu, amma ’yarta na sana’ar a wani gari mai tafiyar yini guda. Kawu ya sayi sabon kasko mai nauyi, ya ɗora a cinya, yana ta bitar kalmomin neman gafara har suka isa.

Ya same ta gindin wata bishiya. Tun daga nesa ƙamshin ya tabbatar masa ita ce. Suka gaisa, ta ce, “Baba, ɗanɗana mana.” Kafin bakinsa ya buɗe, hannunsa ya riga shi: ya ɗaga murfi, ya leƙa, ya shafa yatsa a gefen kaskonta ya duba.

Ta janye gyaɗar da ta miƙo.

“Duba-gari ne kai?”

“Na yi ritaya, ’yata.”

“Hannunka bai yi ba. Irinku ne ya kori mahaifiyata daga garinsu.”

Kawu ya ce, “Allah ya ji ƙanta.” Iyakar abin da ya fito ke nan daga bitar yini guda. Ya ce a ba shi ƙulli ɗaya. Ta ce ta ƙare, ta mayar da murfi a kan cikakken kasko.

Ya dawo da nasa a cinya. Matarsa ta ce bari ta gwada soya masa, ya ce a bar shi. Yana nan rataye a ɗakin girki. Duk mako Kawu yakan sauke shi ya goge fes, babu abin da wani jami’i zai samu a jikinsa.